Gahawar Da Ta Huce A Gidan Abu Nayif

Haisam ya so ya zama mawaƙi, in kuma hakan ta gagara, injiniya. Jarrabawar gama sakandare ce ta raba gardama. Ta ba shi maki sittin da ɗaya, ta tura shi kwalejin shekara biyu da ke gefen garin Zarƙa, sashen gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki. Ranar da sakamako ya fito, maƙwabta suna ta guɗa da rabon alewar kunafa don murnar 'ya'yansu, shi kuwa ya kulle kansa ya rubuta baiti arba'in na makokin kansa. Mahaifiyarsa ta karanta uku, ta ce ya fito abinci zai huce.

Kullum yakan fita cikin kwat, littafin waƙoƙinsa a hammata, rigar aiki mai maiƙo a ninke can ƙasan jaka. In an tambaye shi me yake karantawa, sai ya ce, "Ɓangaren injiniya," ya ƙara sauri. Babban abin takaicin ma shi ne ya iya aikin. Hannun da ya tanada wa alƙalami ya ci amanarsa, ya koma son sifana. Da jin kukan inji sai ya gane ciwonsa.

A motar kwaleji ya ga Ruwaida, mai koyon haɗa magunguna. Sati shida yana fama kafin ya miƙa mata waƙa. Washegari ta dawo masa da ita.

"Sau huɗu ka kwatanta idona da na barewa," in ji ta. "Barewar nan ba ta gajiya?"

Tun daga nan ya san ya mutu a kanta.

A zangon ƙarshe aka raba su shagunan gyara don koyon aiki. Wata ranar Agusta maigidansa ya aike shi wani kantin cuku da kindirmo da ɗakin sanyinsa ya tsaya. Yana ɗaga kai ya ga allo: Abu Nayif. Mahaifin Ruwaida! Ga shi cikin rigar maiƙo. Nan take ya naɗe fuskarsa da jan rawani, ido kaɗai ya bari.

"Lafiya, ɗana?" in ji dattijon.

"Mura ce, Alhaji."

"A wannan zafin? Allah ya sawwaƙe. Wani injiniya ya zo jiya, ya ce sai an sake injin ɗungurungum. Cukuna kuwa ya fara gumi."

Haisam ya kara kunne jikin injin, ya ciro wani ɗan abu da bai fi dabino ba, ya sa sabo. Injin ya yi ajiyar zuciya ya tashi. Kafin a kawo shayi, mai mura ya yi layar zana.

Bayan shekara guda, da difloma a hannu da aiki a wani asibiti, lokacin neman aure ya yi. Ruwaida ta ce masa, "Ka faɗa wa Baba gaskiya. Wanda ya san madarar da aka sirka da ruwa daga ƙamshi, kai ne za ka yi wa sirki?"

Amma baffansa Abu Talal, wanda zai jagoranci tawaga, ra'ayinsa daban. A mota yana gyara alkyabba ya ce, "Ango ba ya magana. Ka zauna kamar tulu. Ni zan ce injiniya."

"Baffa, difloma ce fa."

"Difloma ƙanwar digiri ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Rufe min baki."

Bayan la'asar maza talatin suka cika zauren Abu Nayif. Na'urar sanyin da ke bango tana ta gurnani, Haisam yana daurewa kada ya kalle ta. Aka zuba gahawa aka miƙa wa Abu Talal. Ya karɓi finjalin ya ajiye gabansa bai kurɓa ba, kamar yadda aka saba: ba za a sha ba sai an amsa buƙata. Ya miƙe ya yabi dangin amarya har kaka na bakwai, sannan ya ce sun zo nema wa ɗansu, injiniya Haisam, auren Ruwaida.

"Masha Allah," in ji Abu Nayif. "Injiniya. Wace jami'a?"

Abu Talal ya yi tari. Ya nemi ruwa. Ya ce ai jami'o'in yanzu sun yi yawa, wa zai iya riƙe sunayensu.

"Haka ne. To mu jira ka tuna."

Haisam ya zuba wa finjalin ido. Tururin da ke tashi ya sirance, ya sirance, ya ɓace. A littattafan da ya karanta, a irin wannan gaɓa jarumi yakan zare takobi ko ya suma. Shi ba shi da takobi, suma kuma ta ƙi zuwa. Ya ga Ruwaida tana hucewa tare da gahawar nan. Sai ya ji ƙafafunsa sun miƙe ba da shawararsa ba.

"Zauna, ɗan banza!" baffan ya ce ƙasa-ƙasa, yana jan kwat ɗinsa.

"Baffa Abu Nayif," in ji Haisam, "ni ba injiniya ba ne. Kwaleji na yi, shekara biyu. Firji nake gyarawa. Kuma... ni ne mai murar nan."

Wani tsoho ya ce, "Wace mura?" Abu Talal ya rufe fuska da gefen rawani.

Abu Nayif bai yi ko mamaki ba. Ya sa hannu cikin aljihun jallabiya ya ciro wani littafi mai tabon kindirmo.

"Ka bar wannan a kan tulun nono ranar da ka gudu. Sunanka a bango, sunan 'yata a kowane shafi." Ya lashi yatsa ya buɗe. "Barewa goma sha bakwai na ƙirga. Shekara guda ina jiran in ga ranar da murar za ta sake ka."

Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. Haisam ya roƙi ƙasa ta tsage, ita ma ta ƙi.

"Waƙar dai, ɗana, Allah ya ba ka lafiya," dattijon ya ci gaba. "Amma injin nan bai sake tari ba har yau." Ya juya ga baffan. "Sha gahawarka, Abu Talal. Mun ba ku."

Abu Talal ya ɗaga finjalin ya shanye, ya yamutsa fuska. "Ta yi sanyi ƙalau."

"Laifin mai mantuwa ne."

Aka karanta Fatiha. Daga cikin gida guɗa ta tashi, kuma Haisam ya rantse ya ji dariyar Ruwaida a ciki. Ya matso da ladabi ya miƙa hannu zai karɓi littafinsa. Abu Nayif ya mayar da shi aljihu, ya nuna bango da haɓa.

"Wannan na ajiye wa jikokina. Kai dai cire kwat ɗin, ka ji abin da ke damun waccan na'urar. Tun da ka shigo na ga kunnenka yana wurinta."