Shamuwar Bayan Dogon Daji

Da Armaya'u ya san abin da gyangyaɗin cikin mota zai jawo masa, da ya tauna goro tun daga Sakkwato ya hana idonsa rufuwa.

Masinja ne a wani ofishi a birni, a shekarar da Turawa ke ɗaure kayansu za su koma gida. Matarsa Hinde da 'yarsa Madina suna ƙauye gefen Kebbe, kuma gonar geron da ya gada ita ce abincinsu. Hutun da Bature ya ba shi gajere ne, ga shi ruwa bai sauka ba.

Ya hau bayan babbar mota ya zauna kan buhunan gishiri. Rana ta take, mota na jijjiga shi kamar goyo. Rufin kwanon birni ya narke a baya, itatuwa suka riƙa tahowa suna wucewa a hankali. Bayan Dogon Daji, tsakanin barci da farkawa, sai ya ga shamuwa jere kan wata kuka, baƙin baya, farin ƙirji. Ɗaya ta buɗe fiffike, ya ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa har maƙogwaro. Kowa ya san shamuwa ba ta zuwa sai ruwa na biye da ita. Ya juya zai nuna wa na kusa da shi, ya tarar mutumin barci yake, kukar kuma ta wuce.

Daga Tambuwal ya bi masu jakuna har gida. Bai gama shan ruwa ba ya ce binne zai yi, ya zuba iri cikin busasshiyar ƙasa ruwa ya zo ya same shi. Yayansa Bube ya girgiza kai. Ya ce tsamiyar bakin masallaci, inda shamuwa ke sauka kowace shekara, babu ko ɗaya kanta. In aka yi binne yayyafi ya faɗi ya ɗauke, iri zai tsiro rana ta ƙone shi, ga shi dami guda ya rage a rumbu.

"Yaya, da idona nig gane su."

"Idon da ke rufe? Ko shamuwar birni ta, ita ma Bature ya ba ta hutu?"

Hinde ta nufi rumbu. Ta sauke damin ta sussuke, ta sheƙe, sai dai ta daɗe tana kallon ƙwaryar kafin ta miƙa wa Armaya'u.

Da safe ya shiga gona da sungumi yana sara, Madina na biye tana jefa iri tana rufewa da diddige. Ƙasa na tashi fari fat, shi kuwa har yanzu ƙamshin nan yake ji. Can tsakiyar gona yarinyar ta ce, "Baba, su nawa ne kan kukar?"

Ya buɗe baki zai amsa. Ya ga kukar a zuciyarsa cike da tsuntsaye, ya sake dubawa ya ga ɗaya tak, sannan ya ga kamar ba kuka ba ce, tsamiyar bakin masallaci ce ta lokacin yarintarsa. Ya ce mata suna da yawa, ya ci gaba da sara. Suka ƙarasa ƙwaryar.

Ranar da zai koma, hadari ya taso ɗan ƙarami. Yayyafi ya faɗi, daidai abin da zai tada iri daga barci, ya ɗauke. Bube ya tono ƙasa da yatsa, ya dubi sama, ya raka shi bakin hanya bai ƙara tsokanarsa ba.

A mota Armaya'u ya cika baki da goro, ya tsaya riƙe da katako yana duba kowace kuka daga Tambuwal har Dogon Daji. Kan wata ya hangi wani abu baƙi, mota ta wuce kafin ya tantance.

Ya shiga Sakkwato bai san ko shamuwa ya gani ran nan ko mafarki ya yi ba, bai kuma san ko ruwa zai dawo kafin tsiron ya bushe ba.