Tokar da Na Goge

Ni Taiba, tsabtata ce ta ja mini. Shekarun da ake aikin madatsar Bakolori ina sayar wa leburori tuwo a Talata Mafara, rumfata manne da ta Nagode, wata Kirista 'yar Zuru. Mijinta Sambo ya fi wata biyu a kwance, ƙurar dutse ta cinye masa ƙirji.

Wata Laraba da hantsi ta dawo daga cocinsu da baƙin tabo a goshi. Mai abinci da dauɗa a fuska! Ban yi wata-wata ba, na tofa yawu a bakin zane na goge mata tas.

Ihun da ta kurma, sai da leburori suka ajiye loma.

"Taiba kin kashe ni! Tokar Fada ce!"

"Yo toka mi gare ta? Ga murhu nan cike."

Cikin kuka ta yi mini bayani. Sau ɗaya a shekara limaminsu, Fada, yake shafa musu ita, ta ganyen dabino ce da aka sa wa albarka. A wurinsu tuni ne cewa laifin Adamu ya jawo wa kowa mutuwa, turɓaya za a koma, amma Allah ba ya nufin barin su a can. Sambo ya kasa tashi, shi ne ta ɗauko masa a goshinta. Ya ce mata bai ga alamar zai kai ta baɗi ba. Fada kuwa tuni ya hau babur ya yi Bakura.

Wallahi kunya ta kusa kashe ni. Na bar tukunya a kan wuta na ɗare tifar yashi.

A Bakura na tarar da Kiristoci sun yi layi gaban Fada a gindin bishiyar bedi. Na shiga layi, don mu ba a koya mana tsallake mutane ba. Da aka zo kaina na fara gaisuwa yadda ta kamata. Ban kai ga tambayar gajiya ba, Fada, ashe Bature ne, ya danna mini babban yatsa mai toka a goshi, ya ce, "Ke turɓaya ce." Wai ni, 'yar Malam Jibirin!

Na ɗaga hannu zan goge, sai na tuna. Ai abin da na zo nema ke nan, ban ma kawo mazubi ba.

Haka na dawo bayan tifa, na ja gyale har hanci, gumi na tsiyaya ina ta fifita goshi. Direba ya ce ciwon kai ne? Na ce masa ya ji da hanya.

Na samu Nagode a ɗaki gefen tabarmar Sambo. Na kama kunnuwanta biyu na haɗa goshina da nata na murza kamar raguna. Ita kuma ta sunkuya a hankali ta ɗora nata a na mijinta. Ɗan abin da ya kai gare shi bai fi ƙwayar gero ba.

Sambo ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Adamu ya bar mana gado, amma dubi wadda Allah ya aiko da saƙo."

Na ce, "Turɓayar dai duk tamu ce, Sambo. Ka daina surutu."

Kwana tara ya ƙara a duniya. Tuwona na ranar ya ƙone ƙurmus, kuma har yau in na ga tabo a fuskar mutum, sai na tambaya tukuna.