Shuɗiyar Kwantena a Layin Baya

A tashar jiragen ruwa kowa Na-Sama yake ce masa, saboda wuni yake yi a cikin ɗan akurkin gilashi na injin ɗaga kwantena, yana kallon tsakar kan mutane. Inji ne mai dogon wuya, ya cafki kwantena ta ka, ya ɗaga, ya je ya ɗora ta a kan 'yar'uwarta. A gida kuwa ba wani Na-Sama. Yayarsa, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, har yau Auta take ce masa, da furfurarsa da komai.

Tun da ƙodarta ta gaza ya dawo da ita gidansa, ya ba ta ɗakin da ke kusa da ƙofa don saukin fita asibiti. Sau biyu a mako ake yi mata wankin ƙoda. Da farko aka mayar da shi sau ɗaya. Daga baya ma'aikaciyar jinya ta ja shi gefe ta ce matatun da ake sa wa injin wankin sun kusa ƙarewa, sai wanda ya fi galabaita ake ɗorawa.

"Kayan sun zo fa," in ji ta. "Sun daɗe da zuwa. Suna can wajenku."

Wajenku. Kamar a aljihunsa ya sa su.

Washegari ya nemo wakilin asibitin, wani siririn mutum da ya zaune bencin mai shayin bakin ƙofa har bencin ya san shi. Takardunsa duk sun cika, ba wanda yake binsa ko sa hannu ɗaya. Abin da ya rage kawai a fito masa da kayansa. Ya ja Na-Sama suka ratsa ta lungu tsakanin tulin kwantenoni, suna tafiya a karkace, har ya nuna masa kwantenar ta wata 'yar kafa: shuɗiya ce, gefenta a lotse, tana can ƙasa a layin baya, jikin katanga. Huɗu a kanta, layi uku a gabanta.

To ga yadda ake aiki a filin nan, ga wanda bai sani ba. Jirgi ya iso, a sauke, duk inda aka ga sarari a jibge. Mai fita gobe da mai fita baɗi, ta magani da ta tsofaffin tayoyi, duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ranar da mai kaya ya zo, sai a shiga tono. Kafin ka ciro ta ƙasa sai ka kwashe na gabanta da na kanta, su kuma sai ka samo inda za ka ajiye su, alhali filin ya cika maƙil da kwantenoni marasa komai a ciki, waɗanda ba a kwashe ba saboda tireloli sun cushe a bakin ƙofa, mai shiga ya tare mai fita. Matuƙan jirage suna ba da labarin tashoshin da tun kafin jirgi ya tsaya an san mazaunin kowace kwantena da ranar fitarta. 'Yan filin sukan saurara su yi dariya, su ce a gaishe da mutanen can.

Na-Sama ya sami shugaban fili, ya cire hula.

"Yallaɓai, yayata ce. Ita ta raine ni."

Shugaban ba mugu ba ne, mutum ne dai da oba-oba, rediyon sadarwar nan ta hannu, ke ihu a kunnensa tun safe. Ya murza goshi ya ce, "Ni ban gani ba, ban ji ba. Lokacin cin abincinka naka ne. In ka sami inda za ka sa su, bismilla."

Haka ya daina cin abincin rana. Da zarar an tafi hutu sai ya karkata injin zuwa layin baya. Duk tirelar da ta fita da kwantena ta bar gurbi, ya yi wuf ya cike shi da ɗaya daga cikin masu tare shuɗiyar. Wata rana ya kwashe biyu, wata rana ko ɗaya. Abokan aiki suna tsokanarsa, wai ya sami amarya a jikin katanga. Da suka ji dalili sai tsokanar ta mutu, suka koma yi masa fito in sun hango gurbi.

A gida ƙafafun Yaya sun kumbura har silifas ba ya shiga. Ruwan sha ma da murfin kwalba ake auna mata. Ba ta iya kwanciya, sai a jingine da matasai uku, numfashi yana fita da ƙyar. Amma bakin nan yana nan.

"Auta, ka rame. Ni ce mai ciwo ko kai?"

"Aiki ne, Yaya."

"Aikin me? Mutum yana zaune a kujera yana danna maɓalli? Da ka san goyonka da na yi, ga kai kamar tulu, da ka san aiki."

Ya yi dariya don ta ji daɗi, ya fita tsakar gida ya tsaya jikin igiyar shanya. Tsoro yake ji, irin wanda rabonsa da shi tun yana yaro.

Ranar da ya ɗauke ta ƙarshe daga kan shuɗiyar, sai da ya sauko daga injin ya je ya dafa ta. Ƙarfen da zafi, fentin yana ɓarewa. Ga ta a fili, ba komai a gabanta, ba komai a kanta. Ya kira wakilin a waya.

"Kawo mota! Yanzu!"

"Muna layi tun jiya," in ji wakilin. "Ina hango ƙofar da idona. Wata tirela ce ta mutu a tsakiya, ana neman abin da zai ja ta."

Ana cikin haka wani jirgi da ya daɗe yana jira a teku ya sami wurin tsayawa. Aka fara sauke kaya, motocin cikin fili suka jeru da kwantenoni a bayansu, ba wurin ajiyewa. Oba-oba ta ɗauki zafi. Shugaban fili ya zagaya ko'ina, sannan ya zo ya tsaya a gaban ramin da Na-Sama ya haƙa da yunwarsa. Sarari ɗaya ke nan a duk faɗin filin.

"Yallaɓai, don girman Allah. Motar tana bakin ƙofa."

"To ɗauke ta ka kai wani wuri."

"Ina?"

Shugaban ya waiga dama, ya waiga hagu. Hanyar ma motoci sun toshe ta har bakin ruwa, injin ko juyawa da kaya ba zai iya ba. Ya kasa haɗa ido da shi.

"In aikin jirgin nan ya tsaya, da ni da kai duk waje za mu yi, kuma wani za a ɗora a kan injin ya cike wurin. Ka yi haƙuri. Hau."

Ya hau. Ya cafki ta farko, ja ce, ya ajiye ta a gaban shuɗiyar a hankali, ko ƙara ba ta yi ba. Ya ɗora wata. Ya ɗora wata. Hawaye ya hana shi ganin kusurwa sosai, amma hannun ya san aikinsa, bai kuskure ko ɗaya ba. Kafin la'asar layi uku sun koma yadda suke, har da ƙarin na huɗu.

Rana ta yi sanyi ya ji hon a bayansa. Tirela ce fayau ba kaya, ta samu ta shigo. Wakilin ya leƙo rabin jikinsa ta taga, riga jiƙe da gumi, baki har kunne, yana ɗaga masa hannu.

"Na-Sama! Mun shigo! Ina take?"