Rabin Layin Baba

Aikina shi ne in zauna gaban kwamfuta a wani ɗan ɗaki da ke bayan ɗakin karatu, in riƙa shigar da tsofaffin wasannin kwaikwayo. Ba bugawa kawai ba, wannan kowa ma ya iya. Sai na nuna wa na'urar wa ke magana, ina ya shigo, ina ya fita. In a waƙe aka rubuta wasan, to nan ciwon kan yake, don wani lokaci mutum biyu ne ke raba layi ɗaya, wannan ya ɗauko wancan ya ƙarasa. A takarda, rabi na biyu turo shi ake yi dama, ya fara daidai ƙarƙashin inda na farko ya tsaya. A kwamfuta kuwa alama nake sa musu, wannan "farko", wancan "ƙarshe". Abin da alamar ke gaya wa 'yan wasa shi ne kada a numfasa tsakani, kafin ɗaya ya rufe baki ɗayan ya cafe. In kuma guntayen ba haɗe suke ba, sai a yi shiru gwargwadon abin da ya rage na layin.

Na yi wa wasannin mutane da dama haka ban taɓa rasa barci ba, sai da na zo kan na Babana.

Baba ya rubuta wasan ne bayan Yaya ya bar gida. Yaya ne ya ce masa a gaban abokansa wasan kwaikwayo aikin marasa aikin yi ne, Baba ya mayar masa da wadda ta fi ta zafi, washegari Yaya ya ɗauki jaka. Tun ina ƙarama ake wannan gaba, ga shi har na fara furfura ba a gama ba. Da jikin Baba ya tsananta, likita ya ce wa Mama a kira na nesa, sai na kira Yaya.

"Auta, mutumin da ya sallame ni tun ban rufe baki ba?" in ji shi. "Har a wasa ya rubuta don duniya ta gani. Na ce na ɗau jakata, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Ko numfashi bai ja ba."

"Ya yi shiru, Yaya. Ina bayan ƙofa, na ji shirun."

"Kin ji shiru? To tunda aikinki ne, nuna min shirun a rubuce. In yana nan zan zo."

Na amsa da ƙarfin gwiwa, don a zatona abin buɗe fayil ne kawai. Na buɗe, na ga aikin Dogo. Dogo abokin aikina ne, mutumin kirki, amma ko takalma ya gani a karkace sai ya jera su. Shi ya fara buga wasan tun kafin a ɗauke ni aiki, kuma duk guntun layin da ya tarar an turo dama sai ya ga kamar kuskure ne, ya janyo shi hagu ya daidaita. Komai ya yi tsaf kamar an yi guga. Takardar asali kuwa an mayar gida, ruwa ya yi yoyo a kanta, Mama ta zubar da ita tuntuni. Abin da ya rage mini ke nan:

UWA: Ku bar wannan magana, ana jin mu a kan hanya.
ƊA: Na ɗau jakata, Baba,
UBA: Allah ya kiyaye hanya.

Na buga ma'aunin waƙar da yatsa a kan tebur, ina ƙirga gaɓoɓi. Guntun ɗan da guntun uban, in an haɗa su, daidai suke da layin uwar, ba ƙari ba ragi. Wannan yana nufin Yaya ne da gaskiya. Na sa "farko", na sa "ƙarshe", na'urar ta karɓa ba musu. Sai kuma na lura layi biyu a jere sun ƙare da "hanya". Baban da na sani, in ɗalibi ya kawo masa irin wannan, sai ya tambaye shi ko kalmomi ne suka ƙare a gari. Na cire "ƙarshe", na'urar ta ja jan layi, wai ga farko ba ƙarshensa. Na mayar, na cire, na mayar. Har shayina ya huce ban san wanne na bari ba.

"Dogo, don Allah ka tuna yadda wannan shafin yake?"

Ya sunkuyo ya daɗe yana kallon allon. "Kamar a dama yake," ya ce. Ya sosa ƙeya. "Ko kuma shi ne wanda na tarar a hagu na ji daɗi. Akwai dai ɗaya da na ji daɗi."

Na tafi wajen Oga, shugabar sashenmu. Ta ce ƙa'ida a bayyane take, in ma'auni ya cika a haɗa. Na nuna mata "hanya" biyun, ta cire gilashi ta goge, ta ce to a raba. Na ce in an raba na'ura ba ta yarda. Ta ce to a haɗa a rubuta bayani a gefe cewa ba a tabbatar ba. Na fito daga ofishinta kaina ya fi ɗaurewa, don Yaya ba mutumin da za a kai wa bayanin gefe ba ne.

Abin da ya fi tayar mini da hankali, ni kaina na fara shakkar shirun da na ce na ji. Yarinya ce ni, a tsorace, hannuna a kan kunne. Ta yiwu shirun nawa ne ba na Baba ba. Na tambayi Mama, ta ce ita kuka take yi a lokacin, ba ta ji komai ba, kuma in daina tono mata.

Da la'asar na shiga ɗakin Baba da kwamfutar a hannu. Yana jingine da filo, fanka na kaɗa labule, kwalaben magani jere a kan kujerar da ya saba ɗora littattafai. Kwanakin nan wani lokaci ya san ni, wani lokaci ya ɗauke ni ƙanwarsa. Na zauna bakin gado na karanta masa layin uwar, sannan na ce, "Na ɗau jakata, Baba."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Wa ya ba ki wannan rawar? Ta namiji ce. A kira mai ita."

Ban tsaya tunani ba, da na tsaya da ban yi ba. Na kira Yaya, na buɗe muryar wayar, na ce masa ba sai ya gaisa ba, layin kawai zai faɗa.

"Auta, kin mai da ni ɗan wasa yanzu?"

"Kai ka ce in nuna maka. Takarda ta lalace, ga mai takardar."

Na ji ƙarar motoci ta ragu, alamar ya shiga wani wuri ya rufe ƙofa. Sannan ya faɗa, muryarsa a bushe: "Na ɗau jakata, Baba."

Baba bai ko bari ya rufe baki ba. "Ajiye ta, zo mu shirya."

Na duba allo, babu wannan a ciki. Na buga da yatsa a gwiwata, ya cika ma'auni daidai, amon ƙarshensa ma ya zauna da na layin uwar. Ban san ko shi ne ainihin rabin layin, Dogo ya tsallake shi wajen bugawa ba, ko wanda Baba ya rubuta ya goge, ko kuwa yanzu ya zo masa bayan duk shekarun nan. Hawaye suka zo mini, kuma ban fasa ruɗewa ba.

"Baba," na ce, "ai a rubuce Allah ya kiyaye hanya ne."

"Wannan na bayan ɗan ya fita ne," ya ce, kamar yana yi wa daƙiƙiyar ɗaliba bayani. Sai kuma ya yamutsa fuska. "Ko na wani wasan ne? Wa ke kan wayar? Yana da murya, sai dai yana haɗiye ƙarshen magana, kamar yaron nan nawa."

Daga wayar babu abin da ke fitowa sai numfashi. Na zaci layi ne ya yanke, har na kai hannu zan duba.

"Na ajiye, Baba," in ji Yaya.

Baba ya girgiza kai, yana buga yatsa a kan bargo. "A'a, ka wuce ma'auni. Layi ya riga ya cika, babu wurin wannan. Wa ya koya maka?"

Yaya ya yi wani sauti, ban bambance dariya ce ko kuka ba. Ya ja hanci, ya kira sunana na gida a hankali.

"Auta, ki ce masa kada ya goge. Gobe zan zo mu nema masa wuri."