Kaske Mai Yoyo

Labaran bai taɓa yarda da shirun mutane ba, kuma shirun da ya fi tsana shi ne wanda ke sauka a motar Jatau duk ranar Juma'a da zarar ya zuro ƙafa ciki.

Malamin lekol ne a Parakou, yana koya wa yara sunayen kogunan da shi kansa bai taɓa gani ba. Ya yi aure a makare. Matarsa Memuna ta tafi gidansu a Djougou wankan jego, kamar yadda aka saba a haihuwar fari. An yi suna, an gama wanka, 'yarsu Khalida ta fara zama, ta fara rarrafe, har ta fara kama zanen mutane tana neman miƙewa, amma Memuna ba ta dawo ba. Gidan da ya kama a Titirou ya zama nasa shi da gizo-gizo. In ya kewaya ya taɓo zancen a waya, sai ta ce, "Ka yi magana da Yaya." Shi kuwa bai yi magana da Yaya ba. Ya tambayi mai shagon ƙofar gidansu, ya tambayi ladanin unguwa, ya tambayi Jatau direba, kowa ya ce bai ji komai ba, abin da ya tabbatar masa cewa kowa ya ji.

Yayan nan shi ne Alhaji Massaoudou, falken shanu, wanda ke zuwa kasuwa a Parakou ya koma gida ran Juma'a bayan an sauko masallaci. Tare da shi akwai Gwaggo Amariya, ƙanwar mahaifinsu, mai saro atamfa. Mota ɗaya suke shiga da Labaran, wanda ke zuwa ganin iyalinsa duk mako, kujerar baya, shi a tsakiya. Kafin ya iso yakan hango bakinsu yana motsi ta gilashi. Yana buɗe ƙofa sai zancen ya koma kan ruwan sama.

"Mushe, an fito?" haka Alhaji ke tarbarsa. Kowa a garin haka yake kiran malamin lekol, amma a bakin mai sayar da dabbobi Labaran bai taɓa sanin wane mushen ake nufi ba.

Dabara ta zo masa wata Juma'a da wani ɗalibin jami'a ya shiga gaba da kaske, abin nan mai kama da faranti biyu da ake kifawa a kunne. Har suka kai gadar Bétérou mutane suna tattauna wandonsa da askinsa a gabansa, kamar sun sami buhun doya.

Ran Litinin Labaran ya shiga kasuwa, layin masu kayan waya. Ya wuce shago uku saboda masu su sun yi masa fara'a da yawa. Na huɗu wata mata ce a ciki, Hajiya Firdausi, wadda ko ɗago kai ba ta yi ba, sai ya ga alamar gaskiya a tare da ita.

"Kaske nake so, na tafiya a mota."

"Na jin sauti ko na gudun mutane?"

"Akwai bambanci?"

"Babba ma. Wani yana so ya ji waƙa kamar makaɗin yana zaune a cinyarsa. Wani kuma so yake kawai a ƙyale shi." Ta ciro wani baƙi mai taushin fata ta kifa masa, ta haɗa da wayarta, ta danna wani ɗan maɓalli.

Kasuwa ta ɓace. Janareton maƙwabci, ihun 'yan zem masu haya da babur, mai tallan ruwan sanyi, duk kamar an rufe su cikin tulu. Sai sautin molo ya taso, tas, har yana jin farcen mai kaɗawa a kan tsirkiya. Labaran ya yarda a ransa cewa bai taɓa jin abu mai daɗi haka ba. Daga nan idonsa ya faɗa kan Hajiya: ta juya tana magana da matar shagon kusa, su biyun suna dariya, shi kuma ko kalma ɗaya bai samu ba. Ya fizge abin daga kansa kamar ya ƙone shi.

"Me kuka ce?"

"Cewa na yi ya yi maka kyau."

Bai yarda ba, amma ya wuce wurin. Ta nuna masa ƙananan ekutar da ake cusawa cikin kunne. Ya ce ba a ganinsu daga nesa. Ta nuna masa wani matsakaici; ya ce ya toshe da yawa. A ƙarshe ya rage murya.

"Hajiya, wanda nake so shi ne babba, wanda kowa ya gani zai ce wannan mutum ko bindiga aka harba ba zai ji ba. Amma ni in riƙa jin komai."

Ta dube shi sosai a karon farko. "Shekara da shekaru ina sayar da kayan nan, kai ne na farko da ya zo neman mai yoyo."

"Saboda haɗari ne. Mutum ya riƙa jin oda."

"To, Allah ya kiyaye. Wace hanya kake bi?"

"Kandi," ya ce, yana jin daɗin saurin ƙaryarsa.

Ta lalubo ƙasan kantar shagon ta fito da wani ja, ƙato, mara nauyi kamar ɓawon gyaɗa. Ya gwada. Molon nan ya koma kamar sauro a cikin gwangwani, janareto kuwa ya dawo da ƙarfinsa, har da tarin wani tsoho a layi na gaba. Labaran ya biya. Yana ta jujjuya kwalin yana binciken ko an taɓa ɓare shi, don haka bai kula ba da ta ce masa, "A gaida mutanen Djougou."

Ran Juma'a ya iso tasha da abin a wuya.

"Mushe, ka koma tuƙin jirgi ne?" in ji Alhaji.

"Ciwon kai ne, Alhaji. Ƙarar mota. Wannan in na sa shi, shi ke nan, ba na jin komai. Ku yi mini afuwa in kun yi magana ban amsa ba."

"Ko kaɗan?" Gwaggo ta tambaya.

"Ko kaɗan, Gwaggo."

"Allah mai iko."

Ya kifa shi, ya lumshe ido, ya shiga gyaɗa kai a hankali ga waƙar da babu ita. Mota ta fita gari.

"Labaran," in ji Alhaji. "Labaran! Kuɗinka sun faɗi."

Bai motsa ba. A ransa ya ce, ai ba yaro ba ne ni.

"Lalle ya tafi," in ji Gwaggo. Ta gyara zama, gwiwar hannunta a haƙarƙarinsa. "To, ni dai tun ranar ɗaurin aure na ce wannan kunnuwan nasa sun yi girma. Gara da ya rufe su."

"Kunnen ba laifi, Gwaggo. Tafiyar ce. Kamar ɗan maraƙin da aka sauke daga mota."

"Ga maƙo. Ka ga ragon sunan nan? Na ɗauka kyanwa ce aka yi wa ƙaho."

Jatau ya yi dariya har mota ta ɗan kauce. Labaran ya ci gaba da gyaɗa kai. Ragon nan wata biyu ya yi yana nemansa. Ya haɗiye, ya gaya wa kansa cewa wannan share fage ne, babban zance yana tafe. Suka bi ta kan takalminsa, suka bi ta kan yadda yake shan koko da cokali, suka daɗe a kan wata gwaggonsa da ta rasu tuntuni. Kunnuwansa suka jiƙe da gumi a ƙarƙashin roba. Sai da suka haye gadar Bétérou sannan Gwaggo ta ce:

"Yanzu ita yarinyar nan, har yaushe?"

Labaran ya manta da gyaɗa kai, ya tuna, ya ci gaba da sauri fiye da kima.

"Ni me zan yi?" in ji Alhaji. "Kayanta a ɗaure suke tun kafin azumi. Garar da kika haɗa ma har ta fara tsufa. Ita ta ce ba inda za ta sai ya buɗe baki ya ce a ba shi matarsa. Shi kuma ya tambayi mai shago, ya tambayi ladan. Jatau, bai tambaye ka ba?"

"Sau nawa ma," in ji Jatau.

"To ka ji. Ni kaɗai ne bai tambaya ba, ni da nake zaune da cinyata a kan tasa. Yanzu ga Inna a Kolokondé tana ta aike a kai mata jika ta yi damina a can. Na gaji. Bari in tambaye shi a gaban shaidu, in ya amsa, to; in bai amsa ba, gobe da safe su wuce Kolokondé sai an cire doya."

"Ai ba ya ji, Massaoudou."

"Wannan kuma shi ya saya da kuɗinsa." Alhaji bai ɗaga murya ba, bai taɓa shi ba, ya ma juya yana kallon gonaki ta taga. "Mushe Labaran, kana son a mayar maka da matarka jibi Lahadi?"

Labaran ya shiga lissafi. In ya amsa, ya amsa kyanwa mai ƙaho da ɗan maraƙi, ya kuma sa hannu cewa shi malamin lekol ne mai laɓe wa surukansa. Kafin la'asar ɗin gobe labarin ya gama Djougou. In bai amsa ba, sai an cire doya. Wataƙila tarko ne. Wataƙila babu wata Inna mai aike. Amma akwai Inna, ya san ta, kuma mace ce da ba ta mayar da abin da aka kai mata da wuri. Ya tuna Khalida tana kama ƙafar wandonsa makon jiya, tana dubansa kamar mai karɓar haraji. Kafin a cire doya za ta fara tafiya, za ta fara kiran wani Baba.

"To, Jatau, kai shaida ne," Alhaji ya fara.

"Da safe ko da yamma?" in ji Labaran, idonsa a rufe, kasken na kansa.

Babu wanda ya yi mamaki, kuma wannan ya fi komai yi masa ciwo.

"Da safe," in ji Alhaji. "Kafin rana ta yi wa yarinya zafi."

"Firdausi ta ce ja ne," Gwaggo ta ce, tana ƙwanƙwasa farantin kunnensa da farce, "amma ba ta ce ja haka ba. 'Yar ƙawata ce, ita ta yi rabon goro ranar bikinku. Kai ba ka duba fuskar mutane, sai hannunsu. Ta ce in tambaye ka yaya hanyar Kandi."

Ran Lahadi Jatau ya ɗaure kayan Memuna a saman mota. Labaran ya zauna kusa da ita, Khalida a cinyarsa tana tauna wayar kasken. Sai da suka bar gari ya sunkuyo.

"Memuna, abubuwan da suka faɗa a kaina. Don sun san ina ji ne, ko haka suke faɗa kullum?"

Ta yi tunani da gaske kafin ta amsa.

"Na ragon dai kullum ne," ta ce.

Bai ƙara tambaya ba. Amma tun daga nan har Parakou yana lissafin kuɗin baƙin nan mai taushin fata, da kuma shagon da zai same shi inda mai shi ba 'yar ƙawar kowa ba ce.