Ƙararrawar Ottmar

Takardar shugabannin coci ba ta da kwana-kwana: ƙararrawa ta ibada ce da sanar da mutuwa. Faston da ya kaɗa ta don zanga-zanga, to ya tattara komatsansa. Fasto Birmele kuwa shekararsa ashirin da biyu a ƙauyen nan na bakin kogin Rhein, kuma gaskiya tsoron kora yake ji.

Ranar Talata da hantsi sai ga Likita Irmtraud, likitar ƙauyen, ta faɗo masa ko gaisuwa babu. Ita ce ta shekara tana bin gida-gida tana bayanin abin da tashar nukiliyar da ake shirin ginawa a dajin ƙauyen za ta yi wa jinin yara da gonakin inabi.

"Fasto, motocin sare daji sun iso, da 'yan sanda. Mutum goma kacal ke gadin filin, saura duk suna gona."

"Likita, kin fa san takardar."

"Kai dai da takarda! Wa ya ce ka karya doka? Tsoho Ottmar ya rasu. Ga shaida da sa hannuna."

Ottmar manomin inabi, mai zama layin gaba yana gyangyaɗi lokacin wa'azi, abokin faɗan Fasto ne na shekaru. Fasto ya shiga hasumiya ya kama igiyar ƙararrawa. Bugu uku, shiru, bugu uku, yadda ake yi wa namiji.

Al'adar garin ce, in aka ji wannan bugun kowa ya ajiye almakashinsa na yankan inabi ya zo harabar coci ya ji wa aka rasa. Kafin rabin awa harabar ta cika maƙil. Fasto ya faɗi sunan mamacin, maza suka cire huluna. Likita ta hau matakala ta faɗi sauran labarin, sai taraktoci suka ɗunguma zuwa daji.

Fasto ya sake duba shaidar, ya ga kwanan wata.

"Irmtraud! Tun jiya da rana? Kika bar ni ban sani ba?"

Matar Ottmar, Hedwig, ce ta amsa daga bayansa, tana ɗaura baƙin ɗankwali.

"Ni na hana ta, Fasto. Mun ji za su zo yau. Malam bai taɓa fashin zanga-zanga ba, na ce wannan ma ba za a yi babu shi ba."

Ta miƙa masa hannu.

"Taimaka min in hau taraktarsa."