Kada Ki Ajiye Mabugin

"Kalo, zo ki zauna a kai," in ji Kelepi. "Bari wannan nauyin naki ya yi wa wani amfani yau."

Na zauna a kan akwatin, murfin ya yi ƙara ya rufu, 'yarsa Milika ta yi wuf ta danna kwaɗo. Kelepi yana kishingiɗe a tabarma a bakin ƙofar ɗakinsa, ƙafarsa ta hagu naɗe da tsumma bisa matashi, yana ba da umarni. Tun safe matarsa Lesieli take cusa kaya: kwalaben man kwakwa, busasshen kifi, zanen gado, da ngatu guda, zanen nan namu na ɓawon itace, da ta ninke a can ƙasa, wanda za a kai wa dangin da za su riƙe yarinyar a babban birni, Nuku'alofa. Ni shinge ɗaya ya raba gidana da nasu tun kafin a haifi Milika, saboda haka ba a shirya komai a gidan nan ba tare da an nemi bakina ba, ko da yake ba a taɓa bin shawarata ba.

"Inna, kifin nan zai sa duk kayana wari," in ji Milika. "A ranar farko za su san daga inda na fito."

"To daga ina kika fito, daga Landan?" in ji uwar. "Bar shi a ciki."

Milika ita kaɗai Allah ya bar musu, kuma ita ce ta farko a ƙauyenmu da ta samu gurbi a kwalejin horar da malamai. Jirgin ruwa zai zo ranar Alhamis. In ta rasa shi, na gaba sai bayan wata guda, kuma kwalejin ba ta jiran kowa, wanda bai zo makon buɗewa ba a ba wani gurbinsa. Kelepi ya fi kowa sanin wannan. Tun tana ƙarama yake ɗora ta a kwalekwale zuwa makarantar tsibirin da ke kusa, ko ruwa ko iska, ya koma ya ɗauko ta.

Dutsen murjani ne ya yanke shi a ƙafa wajen kamun kifi, ga shi da ciwon sukari. Nas ɗin da ke zagayowa ta ce ya bi jirgin da ya wuce a duba shi a babban asibiti, ya ƙi, wai ya san yanke ƙafar za su yi, kuma mai ƙafa ɗaya ba ya noman doyar da zai riƙa aika wa ɗaliba. Na zage shi tas a kan wannan taurin kai, ya yi mini dariya. Yanzu ga shi ƙafar ta yi baƙi har gwiwa, Lesieli tana ƙona ɓawon kwakwa a ɗakin don a rage warin.

Da yammacin Laraba Milika ta fita yin sallama gida-gida. Tana ɓacewa murmushin ya bar fuskarsa, ya yafito mu.

"Lesieli, gobe ba za ki raka ta bakin ruwa ba. Ki fito da gungumenki ki yi ta bugu."

"Ranar jirgi? Wa ke bugu ranar jirgi?"

"Ke. In na tafi kafin jirgin ya ɗaga, kada ki ajiye mabugin."

A garin nan bugun ɓawon itacen da ake yin ngatu da shi ba ya yankewa daga safe zuwa yamma, har a teku masunta na jin sa. In ba ranar Lahadi ba, mutuwa ce kaɗai take tsayar da shi. Kafin a kaɗa ƙararrawar coci, kafin a ji kuka, shirun mabugi ne ke fara gaya wa mutane an yi rashi. Yin bugu da gawa a gari kuwa, balle a gidan da take kwance, ban taɓa jin wadda ta yi ba.

"Ka daina wannan magana," in ji Lesieli. "Ba inda za ka."

"In ta ji shiru za ta sauko. In ta sauko, za a yi mata aski, a ɗaura mata tsohuwar tabarma, ta zauna makoki. Kin san ba za ta sake tafiya ba."

"Yayarka fa? Sulieti za ta cinye ni ɗanya."

"Ki ce mata ni na ce." Ya juyo wajena. "Ke kuma, Kalo, ki ɗinke bakin nan naki na yini ɗaya. Na san aiki ne babba."

Na ce masa ya ji da ƙafarsa ya bar mini bakina. Amma da na koma gida na zauna a bayan ɗaki na yi kuka, don na ga idonsa, na san ba wasa yake ba.

Da sassafe jirgin ya bayyana, ya tsaya can bayan duwatsun murjani inda ya saba, ƙananan kwalekwale suka fara kai da kawowa. Samari biyu suka ɗauki akwatin. Milika ta durƙusa gaban uban, ta sa hanci a kumatunsa ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Baba, jikinka da zafi."

"Zafin rabuwa da mai cinye mini abinci ne. Tashi ki tafi." Ya riƙe hannunta. "Uwarki ba za ta je ba, tana da aiki. Muddin kina jin bugunta, ina nan kwance ina mata mitar ta hana ni barci. Kin ji?"

"Na ji, Baba."

"In sun tambaye ki 'yar wa ce, ki faɗa da ƙarfi."

Lesieli ta raka ta iya shinge, ta gyara mata wuyan riga, ta sake gyarawa, sannan ta juyo da sauri ta zauna gaban gungume. Bugunta kowa ya san shi, mara nauyi, mai sauri, da ɗan tsallake a tsakiya. Duk garin ya tafi bakin ruwa, ita kaɗai ake ji.

Ina zaune kusa da shi ina masa fifita. Ya tambaye ni ko jirgin ya yi ƙaho, na ce tukuna. Ya sake tambaya, na ce siminti suke saukewa na ginin coci. Ya ce, "Malalata." Ita ce kalmarsa ta ƙarshe. Rana ba ta kai tsaka ba numfashinsa ya fara ja, ya tsaya, ya dawo, sannan bai dawo ba. Na rufe masa ido, na ɗaure masa haɓa, na ja zane.

Na fito na tsaya a ƙofa. Lesieli ta ɗago ta dube ni, mabugin ya tsaya a sama, sai ta sauke shi a kan ɓawon ta ci gaba. Ba ta yi kuka da murya ba. Hawayen na sauka a kan aikin tana buge su ciki.

Ni ba zan iya karɓarta ba, wuyan hannuna ya daina bugu tun da na karye, kuma ba a barin mamaci shi kaɗai. Na koma ciki ina korar ƙuda, ina leƙen teku ta taga. Simintin nan ya ƙi ƙarewa. Kwalekwale ya je ya dawo, ya je ya dawo, fasinjoji na zaune a yashi bisa kayansu suna jiran a gama. Na tsine wa simintin, na tsine wa wanda ya yi odarsa, Allah ya yafe mini, fasto ne.

Rana ta karkata Lesieli na bugu. Ɓawon da ke gabanta ya yi laushi, ya yi siriri, ya huje, ba ta canza shi ba. Hannun dama ya gaji ta koma hagu, hagu ya gaji ta haɗa biyu. Ina jin bugun yana rage sauri.

A nan Sulieti ta shigo, da lema a hannu da faɗa a baki. Ita ce yayar Kelepi, kuma a gidan ƙaninta maganarta ce ta ƙarshe. A al'adarmu ba ta shiga ɗakin kwanansa, ba ta zama inda ya zauna, kuma tunda aka kawo Lesieli gidan ba a taɓa ganin Sulieti ta ɗaga ko tsinke a tsakar gidan ba, sai dai a yi mata shimfiɗa a kawo mata abinci. Tun farko ba ta so karatun nan ba, ta ce 'ya ɗaya ba a jefa ta birni.

"Wace irin uwa ce ke?" ta ce tun daga shinge. "'Yarki na zaune a rana tana ta waige, kowa da uwarsa, ke kina nan kina..." Idonta ya sauka a kan ɓawon da ya zama tsumma. Ta dubi fuskar Lesieli. Ta taka zuwa ƙofar ɗakin ta tsaya daga waje.

"Kelepi."

Na fito na tsaya gabanta. Ta dubi fuskata ta gane.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin rana ta kai tsaka, Yaya."

Ta juya a hankali. "Ƙanina na kwance, ke kina masa kiɗa a ka?"

"Shi ya ce." Muryar Lesieli ta dushe, ba ta daina bugun ba. "Ya ce sai jirgi ya ɗaga. Yaya, ki yi mini duk abin da za ki yi gobe. Ki bar ni yau."

Ta ɗaga mabugin, hannun ya ƙi. Na ga kafaɗar ta yi wani irin motsi, mabugin ya suɓuce ya faɗi a ƙasa. Ta kai hannu ta ɗauka, yatsun suka ƙi rufuwa. Garin ya yi tsit, har ina jin kaji na tono a bayan gida.

Sulieti ta dubi teku. An gama simintin, kwalekwalen farko na fasinja ya fara cika. Ta dubi ƙofar ɗakin ƙaninta. Sai ta ninke lemarta, ta jingine, ta tattare zane ta zauna a ƙasa, a turɓayar gidan da ba ta taɓa zama ba sai bisa tabarma mai kyau.

"Matsa," ta ce. "Mara kunya kawai. Dukanku marasa kunya ne, har shi."

Ta ɗauki mabugin ta fara. Hannunta mai nauyi ne, daidai-daidai, ba tsallake. Tana bugu tana kuka, bakinta na motsi, ina jin sunan da take kiransa da shi tun yana yaro. Ban taɓa son matar nan ba, amma ranar na so ta.

Na koma taga. Na ga kwalekwalen ya bar yashi, na hango rigar Milika mai ruwan ɗorawa a tsakiyar mutane. Na ce a raina, Kelepi, ka ci nasara. Bai yi nisa ba sai na ga rigar ta miƙe tsaye. Mutane na jan ta, mai tuƙi na ɗaga hannu. Ta dira cikin ruwa, ya kai mata ƙirji, ta fara takowa.

Ban gaya musu ba. Na tsaya ina kallo har ta shigo ta shinge, siket na ɗiga, takalmi ɗaya a ƙafa. Sulieti ce ta fara ganinta, mabugin ya tsaya.

"Koma," in ji Lesieli. Ta miƙe tana tura ta da kafaɗar da ke aiki. "Koma, Babanki barci yake. Kwalekwale zai sake zuwa, koma."

"Inna, na san hannunki." Milika ba ta ɗaga murya ba. "Da ya canza na ce ko hutawa kike wata ta karɓe ki. Sai na gane na Gwaggo ne. Me zai sa Gwaggo ta yi aiki a gidan nan?"

Ta wuce mu ta shiga ɗakin, muka ji ta ce "Baba" sau ɗaya, a hankali, kamar mai tsoron ta tashe shi. Daga nan Lesieli ta saki kukan da ta riƙe tun safe, aka fara kaɗa ƙararrawa.

Sulieti ta bi ta har ƙofa, tana magana daga waje. "Milika, ni ce mai aski, ni ce mai cewa a zauna. Na yafe miki. Tashi ki bi jirgin."

"In tafi wa zai riƙe Inna, Gwaggo? Dubi hannunta."

Jirgin ya yi ƙaho muna shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Ya tafi da akwatin.

Aka binne Kelepi, aka yi makoki yadda ake yi. Sulieti ta yanke gashin Milika da hannunta. Wasu mata sun yi ta gunaguni a kan bugun da aka yi da gawa a gida, har Sulieti ta ce duk mai magana ta zo ta same ta, aka yi shiru. Gurbin kwaleji ya tafi ga wani yaro daga wani tsibiri. Fasto ya ce a sake nema baɗi, Milika ta ce to. Baɗin ya zo ya wuce. Kafaɗar Lesieli ba ta koma daidai ba, ko tsefe kanta ba ta iya yi, kuma gona ba ta noma kanta.

Jiya da yamma ina kwashe shanya na hango Milika a bayan gidansu da adda, tana fasa wa aladu kwakwa, aikin da ubanta ke yi kullum kafin faɗuwar rana. Da farko in ta kira ba sa zuwa, sai ta bi su cikin ciyawa tana jifa. Jiya sau ɗaya ta kira, suka fito daga ko'ina da gudu, suka kewaye ƙafafunta. Ta tsaya a tsakiyarsu da addar a hannu har suka cinye.